Karatun Gem ko na Kwamfuta: Amsar da Ban Ba Ki a Waya Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta iske ki lafiya, ke da Gwaggonki da mutanen gidanta duka a Sakkwato. Allah ya tsare ki inda kike kwana da inda kike wuni, ya tsare miki hanyar da za ki bi nan gaba, ko wace ce. Mu nan Sabon Birni lafiya lau muke, Innarki na gaishe ki. Labarin gona ba za ni cika ki da shi ba, da idonki kinka gani kafin ki tafi: ruwa ya sauka munka yi shuka, ya ɗauke ya bar mu da kallon gabas. Abin da ya tsira za mu girbe mu gode wa Allah. Mun ga farin da ya fi wanga, ga mu nan da ranmu.

Ranar da kinka kira ni ina bakin kasuwa ana loda albasa, kinka ce makarantu biyu sun ba ki gurbi, kuma dole ki amsa wa ɗaya kafin wata ya ƙare. Kinka ce, "Baba, wanne ka gani?" Na ce, "Duk wanda ya yi miki, Uwata." Kinka ce to. Da na koma gida na gaya wa Innarki, sai ta aje rariyar da ke hannunta ta dube ni.

Ta ce, "Malam, yarinya ta tambaye ka hanya, ka ce mata ko'ina ta bi daidai ne? In haka take son ji, ai da ba ta ɓata katinta ba."

Gaskiya ta faɗa. Tsoro ne ya hana ni magana, don na taɓa ba wani shawara irin wagga, har yau ban gama sanin ko daidai na yi ba. Shi ya sa na zamna na rubuta miki. A waya ina sauri, a takarda kuwa ba mai kora ta.

Ga yadda na fahimci bayaninki, in na kuskure ki gyara. Karatu na farko a jami'a yake, kimiyyar kwamfuta: lissafi mai yawa, da yadda ake ba na'ura umarni, da yadda take aiki daga ciki. Kin ce mai wannan ilimi yana iya aiki a asibiti ko banki ko kamfanin waya, yana kuma iya yin gem, wasan nan na waya da kwamfuta, in ya ga dama, sai dai ba za a zamna a koya masa gem ɗin ba. Na biyu can kudu yake, nesa, kuma gem zalla ake koyarwa: zane, da labari, da sauti, da dokokin wasa, da yadda za a sa mutum ya riƙe waya ya ƙi ajewa. Ba ki ce min kin fi son na biyun ba, amma na ji yadda muryarki ta sake da kinka zo kansa. Ni na haife ki.

To bari in fara da labarin rakoda. Kin tashi kina jin ana ce min Mai Rakoda, ba ki taɓa ganin ina gyara ko guda ba.

Ina saurayi, muna ƙauyenmu Kurawa, anka yi wani fari da ya busar da gero tun bai kai gwiwa ba. Kakanki ya sai da shanun huɗarsa, ya duba yawan bakunan da ke gidan, ya haɗa ni da fatake masu zuwa Maraɗi don in je in koyi abin yi. Can anka kai ni shagon wani mai gyaran rediyo, Malam Isufu. Mu biyu ne almajiransa na sana'a, ni da wani ɗan Kamarawa da ake ce ma Ɗan Jimma.

Lokacin kaset ne ke tashe. Kowane mai shayi yana da rakoda, kowane direba, kowace amarya. Ni kuwa hannuna ya faɗa kanta kamar don ita anka halicce ni. In bel ɗin da ke juya kaset ya saki, kafin mai ita ya gama gaisawa da Malam na canza. In ta fara cin kaset na san inda ciwon yake tun daga ƙararta. Mutane sunka fara zuwa suna cewa, "Ina yaron nan na Najeriya?" Kaina ya kumbura.

Malam Isufu yakan kira ni in kasuwa ta lafa, ya shimfiɗa wata takarda mai layuka da alamomi, ya ce, "Umaru, zo ka zamna in nuna maka yadda kuran ke tafiya cikin abin nan." Kuran shi ne lantarki a bakin mutanen can. Sai in ce, "Malam, ga mutane na jira." Wata rana ya kama hannuna ya juya shi, ya ce, "Wanga hannu ya iya. Kanka ne bai iya ba tukuna." Na yi dariya, na ɗauka yabo ne.

Ɗan Jimma shi ne mai zama. Sai ya wuni a kan mataccen rediyo guda da mai shi ya manta da shi, yana gwada nan da mita, yana gwada can, yana ƙona yatsu da dalma. Ina yi masa ba'a, ina ce masa limamin gawa. Da damina ta gyaru a gida na yi wa Malam sallama, na ce na iya. Ya ce, "Ka iya rakoda." Ɗan Jimma ya tsaya, ya ƙara shekaru a wurinsa.

Na dawo na kafa rumfa kusa da tasha a nan Sabon Birni, kuma wallahi na ji daɗin duniya. Ranar kasuwa layi ake yi. Daga safe har la'asar waƙa ba ta yankewa a rumfata, don duk wadda na gyara sai na gwada ta, mutane su taru suna ji. Da wannan rumfa na auri Innarki, da ita na gina ɗakin da anka haife ki. Ba na nadamar waɗannan shekaru, kada ki ɗauka haka.

Amma kaset bai mutu rana ɗaya ba, da na farga. A hankali ya tafi. Faifan sidi ya shigo, na ce abin 'yan birni ne. Waya ta shigo da ɗan katin nan da ke ɗaukar waƙar da ta fi buhun kaset, na ce yayi ne zai wuce. Layin ranar kasuwa ya koma mutum biyu, ya koma tsoho guda mai son jin wa'azin da ya saba. Ranar da abin ya tsaya min a rai, wani Bafillace ne da na daɗe ina yi wa gyara ya zo da waya da ƙaramar sola a cikin jakarsa. Ya ce, "Mai Rakoda, wannan ta daina cin wuta." Na kwance ta a gabansa. Na duba ciki, ba bel, ba abin da ke juyawa, ba ƙarar da za ni saurara. Na daɗe ina kallo don kada ya ce ban duba ba. Sannan na mayar da kusoshin, na ce, "Kai ta garin Isa wurin Ɗan Jimma."

Daga baya na je Isa da kaina. Na iske Ɗan Jimma a fadama yana haɗa wa masu lambu famfon sola. Daga rediyo ya koma talabijin, daga nan janareta, daga nan waya, ga shi yanzu a bakin rijiya. Na ce, "Kai yaushe ka koyi duk wannan?" Ya ce, "Umaru, ai ban koyi wani sabon abu ba. Abin da Malam ya nuna mana ne, riga kawai yake sakewa. Zo ka zamna wurina wata biyu." Bai yi min gori ba, mutumin kirki ne. Amma lokacin ina da iyali, ido ya fara raguwa, haƙurin zama kuma ban taɓa koyonsa ba. Na rufe rumfa na koma gona da fataucin wake da albasa zuwa ƙetare. Allah bai tozarta ni ba, kin ci kin ƙoshi kin yi makaranta.

Abin da za ki ɗauka a nan, Uwata: duk karatun da anka sa miki gaba, ki tambayi kanki mi zai rage a kanki ranar da kayan aikin da anka koya miki da su sunka tsufa. Na ji kina cewa manhajojin da ake yin gem da su suna canzawa kullum. To wanda ya san su kaɗai yana nan inda na tsaya da sukundireba a hannu. Kuma ki ji tsoron abin da hannunki ya iya da wuri. Yabon mutane yana da daɗi, shi ya hana ni zama.

In na tsaya a nan za ki ce Baba ya zaɓa miki jami'a. Kada ki yi sauri, saura labarin Baffanki Lawali.

Kin san shi ma'aikacin asibiti mai ba da magani ta taga, mai yawan shiru. Ba ki san shi yana yaro ba. Lawali ba ya ganin bango ya ƙyale. Da gawayi yake zana raƙumi, ka rantse zai miƙe. Ya zana maigarin wani ƙauye a bayan rumbunmu, duk wanda ya wuce sai ya gane shi, har Kakanki ya sa anka shafe da laka don gudun magana. Da ya gama sakandare, Kakanki ya riga ya rasu, ni ne uba. Wani mai fentin manyan motoci a Gusau ya ga zanensa a jikin wata tifa, ya aiko ya ce a ba shi yaron ya koya masa aiki.

Wannan ya zo daidai lokacin da rumfata ke mutuwa. Zuciyata cike take da haushin kaina. Na kira shi na ce, "Lawali, ka gan ni nan? Abin da na so na bi, ga inda ya aje ni. Makarantar kiwon lafiya za ka. Ciwo ba ya fita yayi."

Ya ce, "Yaya, ko shekara guda ka bar ni in gwada."

Na ce a'a. Ban je Gusau na ga mutumin ba. Ban tambayi ko masu wannan aiki suna ci suna sha ba. Wuta ta ƙona ni a wuri guda, sai na hana shi kusantar murhu gaba ɗaya. Ya yi min biyayya, ya tafi, ya gama, ya samu aiki. Yana da gidansa da 'ya'yansa, mutane na ganin girmansa. Amma tun daga ranar ban sake ganin gawayi a hannunsa ba. Akwai wata rana muna zaune bakin titi bayan sunan ƙanenki, wata babbar mota ta wuce an zana mata zaki da dabino a baya. Ana ta hira, shi kuwa ya bi ta da ido har ta sha kwana. Na daɗe ina ganin wannan kallon.

To ki ji: shawarar wanda ya taɓa faɗuwa tana da amfani, amma ki auna ta, don sau da yawa tsoronsa ne ke magana. Har ni da ke rubuta miki. Kuma abin da Allah ya sa wa mutum a rai tun yana ƙarami ba a banza ya sa shi ba. Kada ki bari kowa ya sa ki ji kunyar cewa gem kike so.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya faru bayan tafiyarki, wanda ba ki sani ba.

Kin tuna ɗan wasan da kinka haɗa da kwamfutar makarantarku kinka sa min a waya, na manomi da gonarsa? Mutum ya zaɓi ranar shuka, ko ya yi binne kafin ruwa ko ya jira, ya zaɓi iri, ya ga abin da damina za ta yi masa. Kin nuna min ina ta cewa madalla, amma ban taɓa shi ba. Ranan nan na je Kurawa duba gonar gado, na iske dattawa a gindin tsamiya inda ake dara. Ba mai dara a ranar. An haƙa gurabun a ƙasa, ga tsinke ga duwatsu, amma kowa ya zuba tagumi, zancen guda ne, hadarin da ke haɗuwa ya watse. Don in kawar da zancen na fiddo waya na ce, "Ku zo ku ga aikin ɗiyata."

Baba Ango ne ya fara karɓa, tsohon nan da ba a cin shi a dara. Na nuna masa inda zai danna. Ya yi binne, ruwa ya makara, iri ya ruɓe. Wurin ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Ango, ko a waya ma gaggawarka ba ta bar ka ba!" Ya ce, "Ku ba ni in sake." Kafin la'asar waya ta zagaya hannu ya fi goma, ana gardama, wannan na cewa maiwa ya kamata a sa, wancan na cewa a jira ruwa na biyu. Mutanen da gonakinsu ke ƙonewa a bayansu, Uwata, sunka yi ta dariya har batir ya mutu. Na zamna ina kallonsu, na ce a raina ashe ba wasan yara yarinyar nan ke yi ba. Wanda ya ce miki wannan aiki ɓata lokaci ne, ki turo shi wurina.

Amma akwai abu biyu. Da Baba Ango ya yi wasa sau uku sai ya fara cinyewa kullum. Ya miƙo min waya ya ce, "Gaya wa jikata ruwanta na ƙarya ne. Na gane ranar da yake zuwa. Ruwan Allah ba a gane shi." Na biyu, duk wanda ya gwada shuka wake a tsakanin gero, sai wasan ya daskare, sai an kashe an kunna. Na tuna na taɓa jin kina yi wa ƙawarki ƙorafi a tsakar gida kina cewa, "Na san abin da nake so ya yi, yadda za ni sa shi ya yi ne ban sani ba." A lokacin ban gane ba. A gindin tsamiyar nan na gane.

Daga Kurawa ban zarce gida ba, na biya wurin Baffanki. Na iske shi a gida yana alwala. Na gaya masa maganar makarantun nan biyu, na ba shi waya bayan mun sa mata caji. Ya daɗe yana duban dabbar huɗar da ke cikin wasan, sai ya ce, "Yaya, wannan sa ne ko jaki?" Na ce sa ne. Ya girgiza kai. Ya tsinci kara ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara zane. Hannun ya yi nauyi, ya goge ya sake, ya goge ya sake. Amma da ya gama, ga bijimi nan da tozonsa da leɓensa, kamar ka kama igiya ka ja.

Na ce, "Lawali, na cuce ka ko?"

Ya aje karan, ya ce, "Na yi fushi da kai shekaru, ba za ni ɓoye maka ba. Amma Gusau kaɗai ka hana ni. Ba ka hana ni gawayi ba. Kullum ina tashi aiki da rana tsaka, la'asar duka tawa ce. Ni na aje, ina cewa sai na samu natsuwa, har hannu ya manta. In za ka rubuta mata, ka ce ni na ce ko wanne ta zaɓa kada ta ce sai ta gama karatu za ta koma kan abinta. Ba a komawa." Ya ƙara duban bijimin ya ce, "Kuma ka ce ta turo min girman da take so, ni za ni zana mata shanun. Wannan jakin abin kunya ne."

Mun yi dariya, ni da ƙanena, irin wadda mun daɗe ba mu yi ba. Wannan ma ke kinka jawo mana.

To ga amsar da ban ba ki a waya ba. In ni ne ke, jami'a za ni, in yi kimiyyar kwamfuta. Dalilina shi ne abin da na gani da idona. Sanin abin da ke sa mutum ya ji daɗin wasa, kina da shi, kin tashi cikin masu dara da masu langa da masu gardamar damina, kin sa Baba Ango ya manta da fari na wuni guda. Abin da ya gagare ki yana can ƙarƙashi, inda wake cikin gero ke daskarar da wasa, inda ruwa ya kasa zama kamar ruwa. Wannan sai an zamna, sai an sha wuyar lissafi, kuma yanzu ne kike da ƙuruciyar zama. Sannan ba za ni ɓoye miki ba, mu mutanen bakin iyaka ne, shekara ta yi kyau, shekara ta ƙi. Ina son ki riƙe ilimin da ko kasuwar gem ta yi fari za ki samu inda za ki juya. Amma in kin bi wannan hanya, sharaɗin Baffanki na kanki. Kada zango ya wuce ba ki haɗa wani ɗan wasa ba, ko mummuna ne. Ki nemi masu irin ra'ayinki a makarantar, ba za a rasa ba. Ki riƙa turo mana muna gwadawa, masu gwaji kyauta gare ki a Kurawa, kuma ba su iya ɓoye gaskiya ba.

Wannan ra'ayina ne, ra'ayin mai gyaran rakoda da bai taɓa shiga aji a jami'a ba. Yana yiwuwa waccan makaranta ta kudu tana koyar da tushen tare da reshen, ni ban sani ba. Kada ki yi abin da na yi a kan Gusau, ki yanke hukunci a kan wurin da ba ki bincika ba. Ki nemi waɗanda sunka gama can, ba waɗanda makarantar za ta nuna miki ba, waɗanda za ki samo da kanki. Ki tambaye su mi suke yi yanzu, kuma in da za a mai da su baya ko za su sake shiga. Ki tambaya ko malaman sun taɓa yin gem da mutane sunka yi wasa da shi, ko a littafi sunka karanta. Ki sa a nuna miki darussan, ki duba ko akwai lissafi da rubuta umarnin na'ura mai zurfi, ko danne-danne ne kawai a kan abin da wasu sunka gina. Haka ita ma jami'ar, ki tambayi ɗalibanta ko suna taɓa kwamfuta da hannunsu ko a allo ake zana musu ita. In anka ce miki a allo ne, to maganata ta sake, don wanda bai taɓa ƙona yatsa da dalma ba bai koyi gyara ba. Mijin Gwaggonki ya san mutane, kada ki ji nauyin sa shi ya raka ki. Bayan haka ki yi istihara, ki kwanta da abin a ranki, ki ga inda zuciya ta natsu.

Innarki ta ce in rubuta miki cewa ita kudu ta yi mata nisa, amma ta ce in ƙara da cewa nisa ba dalili ba ne, ita ma daga ƙetaren iyaka anka kawo ta kuma ba ta mutu ba. Maganar ɗawainiya kuma kada ta shiga lissafinki. Wannan nawa ne da Baffanki, mun riga mun yi magana. Fari na bana ba zai zaɓa miki karatu ba.

Abu guda nake roƙonki. In kin bincika kin ga waccan ta kudu ce, kada ki bi jami'a don kawai Baba ya faɗa, ki zo kina bin motoci da ido bayan shekaru. Biyayyar da ta fi min daɗi ita ce ki yi amfani da hankalin da munka yi wahalar raino. Ranar da kinka yanke, ki kira ni ki gaya min tashar da za ki hau mota da ranar tafiya. Ba sai kin ba ni dalili ba. Za ni zo Sakkwato da kaina in ɗora miki akwati.

Ki riƙe salla a kan lokacinta duk inda kinka samu kanki. Ki taya Gwaggonki aiki, kada ki zama baƙuwa a gidanta. Kada ki yi tafiyar yamma a hanyoyin nan namu, kin san halin da ake ciki, in za ki zo gida ki fito da sassafe ki kuma sanar da mu. Ki gaishe da Gwaggonki da maigidanta da yara duka.

Allah ya yi miki zaɓin da ya fi alheri, ya sanya albarka a cikinsa, ya haɗa ki da malamai masu tsoronsa da abokai na gari. Allah ya kare ki a mota da masauki, ya kai ki lafiya ya maido mana ke lafiya. Ya shayar da ƙasarmu, ya zaunar da ita. Na yafe miki duniya da lahira, Uwata, Allah ya yi miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Umaru, daga Sabon Birni.